Goge saƙo ba ya sa kamfani ya ɗauki laifin mai rubutu

Har yanzu wasu na cewa wai a Amurka in kamfani yana goge saƙonnin mutane to duk ɓatancin da aka rubuta a shafinsa wuyansa zai hau. Da haka ne, amma an wuce wurin. A 1991 kotu ta wanke CompuServe, wani kamfanin intanet da mutane ke rubutu a dandalinsa, don ba ya tace komai, sai a 1995 kotun New York ta ɗora wa Prodigy, wani kamfani irinsa, alhakin abin da aka rubuta a dandalinsa saboda shi yana tacewa, ka ga mai ƙoƙarin gyara shi ya sha wuya kenan, abin ba daɗi wallahi. Shi ya sa majalisar dokokin Amurka ta kawo Sashe na 230 a 1996, dokar da ta ce ba za a ɗauki kamfani a matsayin mawallafin abin da wani ya rubuta a shafinsa ba, ko da yana goge saƙonni. Yanzu wanda ya rubuta ƙazafin shi ake kai ƙara.