DACA: Izinin Zama a Amurka Mai Ƙarewa Duk Shekara Biyu

A ce an goyo yarinya daga Meziko zuwa Amurka tana da shekara uku, iyayenta ba su da takardun zama. A Texas ta tashi, can ta yi firamare da sakandare, Turanci ya fi Sifaniyanci zama a bakinta. Ranar da ta so neman lasisin tuƙi ta tambayi mahaifiyarta takardunta, uwar ta sunkuyar da kai. Irin waɗannan matasa, da ake yi wa laƙabi da Dreamers, su aka yi wa tsarin DACA, wato jinkirta korar waɗanda aka shigo da su Amurka suna yara ba tare da takardu ba, kuma galibinsu haifaffun Meziko ne.

Mutane da yawa sun ɗauka doka ce. Majalisa ba ta taɓa zartar da ita ba. Ƙudurin da zai ba su zama na dindindin, DREAM Act, tun 2001 yake kai-komo, a 2010 ya sha ƙasa a majalisar dattawa. Sai ranar 15 ga Yuni, 2012, gwamnatin Obama ta ba da umarnin a jinkirta korar su. Jinkiri kawai.

Mai nema sai ya zama ya shigo kafin ya cika shekara 16, yana zaune a ƙasar tun 15 ga Yuni, 2007, kuma bai kai 31 ba ranar da aka sanar. A same shi yana makaranta, ko ya gama sakandare, ko ya yi aikin soja, ba kuma babban laifi a kansa. In ya cika, sai a ba shi izinin aiki na shekara biyu, ya biya kuɗi ya sabunta in ya ƙare. Babu katin zama na dindindin a ciki, balle zama ɗan ƙasa. Sama da mutum 800,000 suka samu.

Abin da shugaba ya bayar da alƙalami, wani shugaban na iya karɓewa. Trump ya soke shi a 2017. A Yunin 2020 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar kan huɗu, ta ce ba a bi ƙa'ida wajen sokewar ba, ba ta ce ba shi da ikon yi ba. A 2021 alƙali Andrew Hanen na Texas ya ce tsarin ya saɓa doka, ya hana amincewa da sababbin masu nema, ya bar masu riƙe da izinin su ci gaba da sabuntawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wancan 2007, wanda ba a taɓa matsar da shi ba. Jaririn da aka shigo da shi a 2008 bai taɓa shiga lissafi ba. Ita kuwa yarinyar can, watakila yanzu ta haura talatin, da 'ya'yanta 'yan ƙasa, tana duba ranar ƙarewar da aka buga a katinta.