Mu'amalar igiyoyin filasma da ayon masu ƙarfi a sararin maganaɗisun Duniya

Sararin maganaɗisun Duniya shi ne yankin samaniya inda maganaɗisun Duniya yake juya akalar ƙwayoyi masu cajin lantarki. Cike yake da filasma, wato iskar da ta rabu zuwa ilektiron da ayon (atam mai ɗauke da cajin lantarki), amma ƙwayoyin a warwatse suke ƙwarai, da wuya su yi karo da juna. Don haka igiyoyin lantarki da maganaɗisu masu kaɗawa cikin filasmar ne suke ɗaukar makamashi daga wasu ƙwayoyi su kai wa wasu. Masanin kimiyya Hannes Alfvén ne ya bayyana wani muhimmin nau'i na irin waɗannan igiyoyi a 1942.

Ayon da maganaɗisu ya kama motsi uku yake yi lokaci guda: yana wulwulawa a kewayen layin maganaɗisu, yana kai da komowa tsakanin arewa da kudu, yana kuma zagaya Duniya ta yamma. Zagayen nan ne ke haifar da zoben lantarki, wanda firoton da ayon na iskar oksijin da hiliyam masu ƙarfin keV 10 zuwa 200 (keV ma'aunin makamashin ƙwaya ne) suke ɗauke da shi. Igiya ba ta yin tasiri sosai sai saurin kaɗawarta ya yi daidai da ɗaya daga cikin motsin nan, kamar mai tura lilo da ke turawa a kan kari.

Igiyoyin EMIC, wato masu alaƙa da wulwulawar ayon, masu kaɗawa sau 0.1 zuwa 5 a daƙiƙa, su aka fi nazarta. Lokacin guguwar maganaɗisu, firoton masu zafi suna kwararowa daga wutsiyar sararin, wato ɓangarensa da ya miƙe ta gefen dare, ƙarfin wulwulawarsu ya zarce na tafiyarsu a kan layin. Rashin daidaiton nan ne yake tayar da igiyar, musamman inda suka haɗu da filasma mai sanyi da kauri. Abin ban sha'awa shi ne, igiyar da firoton suka haifa ita ce ke juyowa ta karkatar da su, har su zubo cikin iskar sama su haddasa hasken orora na firoton. Masana Kennel da Petschek sun nuna a 1966 cewa wannan yana iyakance yawan ƙwayoyin da maganaɗisu zai iya riƙewa. Igiyoyin kan zubar da ilektiron masu ƙarfin MeV (keV dubu) ma.

Igiyoyin ULF, wato masu jinkirin kaɗawa ƙwarai, na rukunin da ake kira Pc5 kuwa a hankali suke kaɗawa, sau ɗaya cikin daƙiƙa 150 zuwa 600, don haka da kai da komowa da zagayen ayon suke daidaita. Suna iya matsar da shi kusa da Duniya ya ƙara ƙarfi, ko su janye shi waje ya rage.

Taurarin ɗan'adam biyu na Van Allen Probes, da NASA ta harba a 2012 suka yi aiki har 2019, da Arase na Japan na 2016, sun auna igiyoyin da ƙwayoyin a wuri guda, lokaci guda.