Kundin gabatar da ƙungiyar mawaƙa ga 'yan jarida

Kundin gabatarwa tarin bayanai ne da ƙungiyar mawaƙa ko manajanta ke haɗawa domin 'yan jarida, gidajen rediyo, kamfanonin faifai da masu shirya bukukuwan kiɗa su san ƙungiyar ba tare da yawan tambaya ba. Wanda ake aika wa yawanci aiki ya sha masa kai, irin waɗannan kundaye kuma sun taru a gabansa, don haka gajeren kundi ya fi samun mai karantawa.

A da, a Amurka da Turai, ambulan ne ake aikawa ta gidan waya, ɗauke da takardar tarihin ƙungiya, hoto mai inci 8 da 10, yankakkun shafukan jaridun da suka yi magana a kanta, da kaset ko faifan CD. Da intanet ta bazu sai aka koma kundin kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira EPK. Kamfanin Sonicbids, wanda Panos Panay ya kafa a Boston a 2001, yana cikin waɗanda suka yaɗa tsarin, inda mawaƙa ke neman gurbin wasa da shi. Yau kundin shafi guda ne a intanet, ko fayil na PDF.

Tarihin ƙungiya akan rubuta shi iri biyu, gajere na 'yan layuka da dogo mai kusan shafi, kuma kamar wani ne ke ba da labarinsu, yadda ɗan jarida zai iya ɗauka ya buga kai tsaye. Kirari ba ya amfani a nan. Edita na son sanin garin da aka fito, shekarar kafuwa, salon kiɗa da wuraren da aka yi wasa. Hotuna su kasance masu ɗigo 300 a kowane inci domin bugun takarda, a tsaye da a kwance, da sunan mai ɗauka. Waƙoƙi biyu ko uku sun isa, mafi ƙarfi a farko, sai bidiyon wasa a gaban jama'a, wanda masu shirya biki suka fi yarda da shi fiye da wanda aka gyara a situdiyo.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi shi ne takardar buƙatun dandamali. Zane ne da ke nuna inda kowa zai tsaya, da jerin makirufo da lasifikar da kowane makaɗi ke buƙata. Ga ƙungiyar da ke da kalangu ko gurmi, wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce: injiniyan sauti a Jamus mai yiwuwa bai taɓa ganin kalangu ba, sai an gaya masa cewa makaɗin rataye shi yake yi a hamata, yana kuma zagayawa, makirufon da aka kafa wuri guda ba zai kama shi ba.

Manyan tarukan sana'ar, irin su WOMEX da aka fara a Berlin a 1994 da SXSW na birnin Austin da aka fara a 1987, suna zaɓar masu wasa ne daga takardun neman da aka aiko musu. Ƙungiyar Nijar ko ta Kamaru mai neman irin wannan dama tana buƙatar kundinta da Faransanci da Ingilishi, da lambar waya da adireshin imel na mutum guda mai amsa saƙo.