Tumatir daga gona zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas: ina ne tsarin namu yake ɓaci?

Tunda aka fara ɗibar tumatir a Kadawa ta jihar Kano 'yan uwa manoma ke ta turo min tambayoyi a WhatsApp, abin yana damuna sosai don nima gonar nake, toh ga abinda na sani.

Wai me ake nufi da tsara noma da fitar da kaya?

Ka fara lissafi daga kasuwa ka dawo gona. Wa zai saya, kwando nawa, wace rana, wace mota, sannan ka tsayar da ranar yayyafa iri. Mu kuwa sai tumatir yayi jawur a gona sannan ake laluben lambar dillali.

Me yasa farashi ke faɗuwa daidai lokacin da namu ya nuna?

Saboda tare muke komai. Ruwan dam ɗin Tiga ɗaya ne yake bi ta Bunkure da Kura da Garun Malam, sanyi na shigowa kowa ya zuba iri, yayi wajen wata guda a bedi, bayan dashe wata biyu da ɗoriya ya fara nuna, shikenan daga Janairu zuwa Maris kowa ya kwaso nasa ya nufi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, mai saye ya ga kwanduna jere har bakin titi ai dole ya taya yadda ya ga dama, tunda ya san ba zaka mayar gida ba. Ni a ganina a raba gona gida uku, tsakanin dashe da dashe sati biyu ko uku. Amma fa kar na ƙarshen yayi latti sosai, zafin Afrilu na kakkaɓe fure, kuma tsutsar nan sharon da ta cinye gonaki a 2016 tafi ƙarfi idan gari ya ɗau zafi.

Toh batun mota fa?

Anan wallahi aka fi tafka asara. Legas kusan kilomita 1,000 ce, mota takan kwana biyu a hanya ko fiye. Na taɓa tsayawa bayan tirela ana lodi, kwando kan kwando, tun bata tashi ba ruwan na ƙasa ya fara ɗiga a kwalta, ƙuda na bi. Wannan ruwan kuɗin taki ne da na fetur ɗin injin ban ruwa yake zuba. Don haka kar a tsinka sai an tabbatar da mota da ranarta, mutum biyar ko goma su haɗu su cika guda, a ɗiba da sassafe a ajiye a inuwa. A ware kaya tun a gona, wanda ya fara ja kawai shi zai je Kudu ya ƙarasa nuna a hanya, wanda ya nuna sosai a kai kasuwar Kano ta 'Yan Kaba. Kiret ɗin roba yafi kwandon gargajiya, don nauyin na sama a jikin kiret yake sauka, sai dai a shirya yadda zai dawo tun kafin ya tafi.

Kamfani ba zai kwashe rarar ba?

Na Dangote dake Kadawa an buɗe shi a 2016, yana iya cin tan 1,200 a rana, amma ya sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. Inji kullum yake son kaya, manomi kuma idan kasuwa tayi kyau can zai kai. Sai an rubuta yarjejeniya kafin dashe, farashi da yawan kaya da ranar biya, kowa kuma ya cika alkawari.

Wanda bai samu shiga ba a zubar?

A'a dan Allah. A yanka ayi kauda, a shanya kan leda ko tabarma don kar yashi ya shiga, idan ta bushe ƙarau a ɗure a buhu a ɗora kan katako. Da damina ɗanye zai yi tsada, lokacin masu abinci da kansu zasu zo nemanta.