Injin yankan ciyawa ya ƙi tashi ko yana hawa da sauka: tambayoyi kan kafireto da totur

Da zarar ruwan farko ya sauka, ciyawa ta fara tofowa a filayen ƙwallo da harabar makarantu da gidajen saukar baƙi, sai a jawo injin yankan ciyawa daga sito inda ya kwanta tun ƙarshen damina. A ja igiya har kafaɗa ta gaji, shiru. Yawancin waɗannan tsofaffin injuna ƙirar Briggs & Stratton ne, ko Tecumseh, ko Honda. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake jefar da inji mai sauran shekaru saboda dattin da bai kai ƙwayar gero ba.

Lafiya lau na ajiye shi. Me ya same shi yana kwance?

Fetur ɗin da aka bari a ciki. Aikin kafireto shi ne haɗa iska da fetur daidai gwargwado, kuma fetur ɗin yana bi ne ta wasu ramuka masu sirantar allura. Idan ya yi watanni a zaune, musamman da zafin bazara, sai mai sauƙin cikinsa ya tashi, a bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, ruwan ƙasa, mai wari irin na tsohon fenti. Shi ne ke toshe ramukan. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan da kan taru a gindin tanki ya haifar da tsatsa. Don haka kafin ka kwance ko noti ɗaya, zubar da tsohon man, ka zuba sabo, ka duba filtar iska.

Ta yaya zan san kafireto ne, ba wuta ba?

Cire filtar iska, ka ɗiga fetur kamar rabin ƙaramin cokali a maƙogwaron kafireto, ka kawar da galan nesa, sannan ka ja igiya. Idan ya kama na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, wuta na nan, matsi na nan, mai ne ba ya isowa. Idan ko tari bai yi ba, koma kan fulogi: ka goge shi, ka duba tazarar bakinsa, wadda a yawancin waɗannan injuna milimita 0.76 ce. Ka kuma tabbata ƙarfen da ake riƙewa a hannu yana jan wayarsa har ƙarshe, domin idan wayar ta saki, birki ba ya sakin inji kuma wuta a yanke take.

To, yaya ake wanke shi?

Da farko zare wayar fulogi. Ban yarda kowa ya sa hannu kusa da wuƙa ba wayar na haɗe. Idan za ka karkata injin, ɓangaren kafireto ya kalli sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangaro ya jiƙe filta. Ka kuma ɗauki hoton sandunan ƙarfe da sifirin da wayarka kafin ka taɓa su, saboda ramukan da suke shiga suna kama da juna, kuma mantuwa a nan tana cin yini guda.

Kafireto iri biyu za ka fi gamuwa da su. Na farko mai ɗan kofi ne a ƙasa, da noti ɗaya ya riƙe shi. A cikin kofin akwai fulot, wato abin da ke yawo a saman mai, da allurar da ke buɗe wa mai hanya ta rufe. A injunan Tecumseh da wasu na Briggs, wannan notin da kansa shi ne jet, wato ɗan ƙarfe mai ramin da ke auna man da ke shiga inji. Ka duba shi a haske: ban da manyan ramukan da ido ke gani nan take, a na Tecumseh akwai wani ɗan mitsitsi kusa da zaren notin wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Su wanke komai, su mayar, inji ya ci gaba da ciwonsa. A Honda kuwa jet ɗin yana cikin bututun tsakiya, da sukundireba ake kwance shi, sai wani siririn bututu mai ramuka a jikinsa ya biyo baya. Ka zare silin waya ɗaya mai laushi daga tsohuwar wayar lantarki, ka bi kowane rami da shi, ka fesa maganin wanke kafireto har ka ga ya fito ta ɗaya gefen. Kada ka sa allurar ɗinki ko ƙusa. Jet tagulla ne, idan ramin ya faɗaɗa ba ya komawa, injin zai riƙa shan mai da hayaƙi har sai an sauya shi.

Na biyu shi ne wanda ke zaune a kan tanki kai tsaye, irin na ƙananan Briggs masu ƙarfin doki 3.5 zuwa 4, masu jan ƙwallon roba da ake dannawa sau uku kafin a tayar. Wannan ba shi da fulot. Wata siririyar fatar roba ce tsakaninsa da tanki take yin famfo. Idan ta tsufa sai ta bushe ta yi tauri, kuma babu wankin da zai farfaɗo da ita. A sayi sabuwa tare da fakinta, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a mahaɗa, a wanke ragar da ke bakin bututun zuƙo mai, a ɗaure sukurorin a hankali ɗaya bayan ɗaya a gicciye, don kada jikin robar ya lanƙwashe.

Yana tashi, amma sai ya riƙa hawa da sauka, wuu, wuu. Gwamna ne ya lalace?

Da wuya. Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma a nan aka fi ɓata inji. Gwamna, kamar na janareta, aikinsa riƙe gudun inji a wuri ɗaya. Sifirin yana jan totur, wato ƙyauren da ke cikin maƙogwaron kafireto, ya buɗe, gwamna yana jan sa ya rufe, inda ƙarfinsu ya yi daidai nan gudun ke tsayawa. Idan mai ya yi ƙaranci, inji sai ya fara faɗuwa, sifirin ya buɗe totur, ya zuƙo mai ya zabura, gwamna ya rufe, ya sake faɗuwa. Kai da kake kallo sai ka ga sandar tana kai da komo ka ɗora mata laifi, alhali amsa kiran yunwa take yi.

Gwada wannan: ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireto, kaɗan, ko ka rufe rabin bakin kafireto da ɗan kwali. Idan muryar ta daidaita, ka samu amsa, mai ne ya yi kaɗan ko iska ta yi yawa. Ƙarancin mai yana komawa ga ramin silo, wato ɗan ramin da mai ke bi idan totur ya kusa rufewa, da bai wanku ba. Yawan iska kuwa daga fakin da ya fashe ne tsakanin kafireto da inji, ko zoben roba da ya ci, ko sandar totur da ta sassauta a mazauninta saboda tsufa. Idan kafireton na da sukurun gyaran mai, kamar yadda tsofaffi sosai ke da shi, ka rufe shi a hankali ba tare da matsewa ba, ka buɗe zagaye ɗaya da rabi, daga nan ka daidaita bayan inji ya yi zafi.

Abin da nake roƙo shi ne kada a miƙe sifirin ko a yanke shi ko a ɗaure totur da waya. Muryar za ta yi daɗi, amma ciwon yana nan, an kuma ƙara masa wani.

Ina tura hannun totur, babu abin da ke canzawa.

Duba inda bututun wayar ya kama jikin inji. Sau da yawa ɗan sukurun da ke riƙe shi ne ya saki, bututun yana tafiya tare da wayar. Ka kai hannun kan gudu, ka tura ƙarfen da ke jikin inji har iyakarsa, ka ɗaure. Ka sani kuma wayar ba totur take ja kai tsaye ba, sifirin gwamna take ja. Shi ya sa idan inji a kashe yake za ka tarar da totur a buɗe, kuma haka ya kamata ya kasance. Wasu injunan ma ba su da hannun totur sam, gudu ɗaya aka yi su da shi.

Nawa kuma da ya tashi sai ya kwasa da gudu kamar zai tarwatse.

Kashe shi nan take. An yi waɗannan injuna su juya wajen sau 3,000 a minti, kuma wuƙar ƙarfe ce a ƙarƙashinsu. A ƙananan Briggs gwamnan wani fiffike ne na roba a ƙarƙashin murfi, wanda iskar fanka ke turawa. Busasshiyar ciyawa, gidan zanzaro ko sheƙar ɓera kan maƙale shi. Cire murfin ka share. A masu gwamnan cikin inji, duba ko sandar ta fita daga raminta ko notin hannun gwamna ya saki. Idan ya saki, a kashe za a gyara: tura hannun har totur ya buɗe gaba ɗaya, juya sandar da ta fito daga cikin inji zuwa wannan ɓangaren har ta tsaya, sannan ka ɗaure. Idan duk da haka bai lafa ba, giyar ciki ce ta karye, aikin bakanike ne.

Baƙin hayaƙi da ɗigar mai fa?

Filta ta toshe, ko cok bai buɗe ba, ko allurar fulot ba ta rufewa. Girgiza fulot kusa da kunne. Idan ka ji mai a ciki, ya huje. Sannan ka shinshina baƙin mai. Idan yana warin fetur ko ya haura alama, sauya shi kafin ka sake tayarwa, domin man da ya tsinke ba ya kare fistin.

Yana aiki minti goma ya mutu, in ya huta ya tashi.

Sassauta murfin tanki ka gwada. Akwai ɗan ramin shaƙar iska a jikinsa, in ya toshe mai ba ya sauka. Idan ba shi ba ne, duba wuta a daidai lokacin da ya mutu, don tsohon kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, kan yanke idan ya yi zafi.

Na wanke sau biyu, har yanzu yana fizge igiya daga hannuna.

Tuna ko wuƙar ta taɓa dukan dutse ko kututture. Tsakanin fulawil, wato faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, da sandar inji akwai ɗan ƙarfe mai laushi da aka yi shi don ya karye ya ceci sandar. Ko kaɗan ya goce, lokacin wuta ya ɓaci. A sa irinsa na alminiyam, ba na ƙarfe mai tauri ba. Ka duba notin wuƙa ma, don sakinsa na kawo irin wannan fizga.

In gyara ko in sayi sabon kafireto?

Idan jikin bai ci tsatsa ba kuma sandar totur ba ta lilo, gyara shi. Tsohon na asali ya fi yawancin na arha da ake sayarwa yanzu. Tecumseh ta daina ƙera waɗannan injuna tun 2008, don haka duk wanda ke da nata na asali ya riƙe shi da kyau. Idan sayen ya zama dole, kwafi lambobin da aka buga a jikin murfin inji ka tafi da su, tare da tsohon a hannu. Ranar yanka na ƙarshe a bana kuma, ka tsiyaye tanki, ka bar inji ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, ka kwance notin kofi ragowar ta zube, sannan ka lulluɓe shi da buhu saboda ƙura.