Waiwaye: Ibrahim El-Salahi da baje kolin da 'yan kallo suka guje wa

Duk lokacin da wani gidan adana zane a Turai ya rataye aikin ɗan Afirka irin wanda ba hoton mutum ba ne, ba na dabba ba, sai layuka da launuka da siffofi, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce salon Turawa ne, 'yan boko suka aro don su sayar wa baƙi. Wasu kuma su yi ta murna cewa yau an gano gwanayenmu. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa daga Turai labarin ya taso, kuma kwanan nan. Tarihin mai zane Ibrahim El-Salahi na Sudan ya nuna ba haka ba ne.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne, ya tashi da allo da tawada. Ya koyi zane a Kwalejin Gordon da ke Khartoum, sannan a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Abin da ya biyo baya ma sananne ne: wata shida a kurkukun Kober na Sudan a 1975, zaman Katar, komawa Oxford, da babban baje kolin da Tate Modern, gidan adana zane na Landan, ta yi masa a 2013.

Amma akwai abin da ake tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya juya akalar komai. Da ya dawo daga Landan, ya baje zane-zanensa a Khartoum irin yadda aka koya masa: hotunan mutane, da na kayan da aka jera a kan tebur, duk an yi su bisa ƙa'ida. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, daga nan babu wanda ya sake leƙowa. Wani da zai ce jama'a ne ba su waye ba, ya tattara ya koma inda ake tafa masa. El-Salahi ya ɗauki laifin ya ɗora wa aikinsa.

Sai ya shiga lura da abin da mutanensa ke so su gani. A bangon ɗakunansu ayoyi ne a rataye cikin kyakkyawan rubutu. A hannunsu kuma ƙwarya mai zane da faifai da kayan fata. Ya fara saka ɗan rubutun Larabci a gefen zanensa, sai ya ga mutane suna matsowa su karanta. Daga nan ya shiga wargaza haruffan, yana miƙe wannan, yana lanƙwasa wancan, har ma'anar kalma ta ɓace, ƙashin harafin kaɗai ya rage. A cikin filin da ke tsakanin haruffa kuwa sai fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka riƙa ɓullowa. Launukansa ma suka koma na ƙasa: ja-ja, ruwan toka, baƙi da fari. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar karatu ba zai ji wannan aiki baƙo ba ne.

Wannan sauyi ya faru ne tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, kuma ba shi kaɗai ba ne. Masu zane Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq suna cikin waɗanda aka haɗa da shi a tafiyar da ake kira Makarantar Khartoum. Ko zanen bishiyar haraza, wato gawo, da ya duƙufa a kai a Oxford, inda bishiyar ta zama layuka zalla, daga wannan hanya ya fito.

Masu cewa aro ne su lura: abin da ya ɗebo daga Landan shi ne 'yan Khartoum suka ƙi, salon da ake zargi kuwa su suka tura shi gare shi. Masu murnar an gano shi kuma su tuna cewa tun farkon shekarun 1960 ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari ta baje aikinsa a Ibadan, ta kuma buga ɗan littafin zane-zanensa, wajen shekara 50 kafin Tate Modern.