Daga cin abincin dare a Landan zuwa dangwala yatsa a Bagauda: waiwaye kan dokar halartar aji ga ɗaliban lauya

Duk wanda yake da ɗa ko ƙani da ke karatun lauya, a Misau ne ko a Jami'ar Jihar Gombe, ya san ƙorafin nan: babu damar zuwa biki, babu damar kwana biyu a gida, wai kada a rasa kashi 75 cikin ɗari na halartar aji. Iyaye da yawa na ɗauka tsananin malamai ne kawai. Alhali abin ya girmi malaman, ya ma girmi Najeriya.

A zamanin Turawa babu inda ake horar da lauya a ƙasar nan. Sai mutum ya haye teku zuwa Ingila ya shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, kamar yadda Sapara Williams ya yi har aka rantsar da shi a 1879. Abin mamaki a tsarin zaurukan nan shi ne, ba zaman aji suka fi damuwa da shi ba. Sharaɗinsu shi ne ɗalibi ya riƙa zuwa cin abincin dare tare da manyan lauyoyi, a ƙirga masa sau nawa ya zo. Hikimar ita ce, wanda ya zauna da manya zai ɗauki yadda suke magana da yadda suke mu'amala, abin da littafi ba ya koyarwa. Mu nan ba baƙon tunani ba ne. Almajirin zaure ma ba karatu kaɗai yake ɗauka a gaban malaminsa ba.

Da 'yancin kai ya matso, gwamnati ta kafa kwamitin Unsworth a 1959, ya ba da shawarar a riƙa yin digirin a jami'o'in gida, sannan a yi makaranta guda ta koyon aikin a aikace. Dokar 1962 ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Lauya da Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta buɗe a titin Igbosere da ke Legas a Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal. A aji mai mutum takwas, wa ke buƙatar rajista? Malami ya ɗaga kai ya san wanda bai zo ba.

Yawa ne ya canza komai. Hedikwatar makarantar ta koma Bwari ta Abuja a 1997, aka buɗe rassa a Enugu da Bagauda ta Kano, daga baya Yenagoa da Yola, wadda ta fi kusa da 'yan Gombe. Ɗalibai suka koma dubbai, takardar sa hannu ta zama abin wasa domin aboki na iya sa wa aboki, sai aka kawo na'urar dangwala yatsa. Cin abincin daren kuwa bai mutu ba: har yau sai ɗalibi ya halarci liyafa uku, cikin baƙi da fari, kafin a rantsar da shi.

Ta ɓangaren nauyin darussa, digirin yanzu shekara biyar ne ga wanda ya shigo ta JAMB, huɗu ga mai shiga kai tsaye aji biyu. Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙayyade nauyin zango tsakanin yunit 15 zuwa 24, don haka wanda ya tara kwasa-kwasan da ya faɗi ba zai iya loda su duka lokaci guda ba, sai ya ƙara shekara. A wasu jami'o'in Arewa akwai masu haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, nasu kayan ya fi nauyi. A Makarantar Lauyoyi darussa biyar ne: ƙarar farar hula, ƙarar laifuka, dokar kadarori, dokar kamfanoni, da ladubban aiki, sai zaman koyo a kotu da ofishin lauya. Kuma a da, darasin da ka fi rauni a ciki shi ke yanke matsayin sakamakonka. A lokacin, wanda ya yi wasa da aji ɗaya, sauran huɗun ba sa cetonsa.

Inda dokar ta fi cizo, a ganina, ba kan matasa 'yan shekara ashirin ba ne. Majalisar ta tsaya kai da fata cewa karatun lauya na cikakken lokaci ne, ba ta karɓar digirin wucin gadi ko na karatu daga nesa. Wannan ne ya sa waɗanda suka kammala lauya a jami'ar karatu daga nesa ta NOUN suka shafe shekaru ƙofa a rufe, sai daga baya aka shirya musu kwas na musamman kafin su wuce. Ka ɗauki magatakardan kotu a Bauchi ko Azare, mai difloma daga kwalejin shari'a ta Misau, wanda ya shekara goma sha biyar yana ganin yadda ake shigar da ƙara. Ya san aikin fiye da yaron da ya fito sakandare jiya, amma in yana son zama lauya sai ya nemi hutun karatu, ya bar iyali da albashi mai rauni, ya koma benci shekara huɗu, ya ƙara da ta Bagauda ko Yola. Haka matar aure mai goyo.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Tambayar shaida da tsayuwa gaban alƙali ba a koyon su a kan gado da waya a hannu, kuma lauyan da bai saba zuwa aji ƙarfe tara ba, kotu ma ƙarfe tara take zama. Sai dai zaurukan Landan sun ƙirga zuwa ne domin ɗalibi ya zauna kusa da wanda zai koya daga gare shi. Na'urar yatsa tana ƙirga zuwan, amma a ɗakin da ke ɗauke da ɗaruruwa, na kujerar baya ko fuskar malamin ba ya gani sosai.